Yafiya da Mayar da Haƙƙi a Fim ɗin Manbiki Kazoku

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce nazarin yadda fim ɗin Manbiki Kazoku ya sarrafa jigon sata da yafiya da mayar da haƙƙi. Hirokazu Kore-eda, mutumin ƙasar Japan, shi ne ya rubuta labarin, ya kuma ba da umarni. Fim ɗin ya fito a shekarar 2018, kuma a watan Mayu na shekarar ya ci kyautar Palme d'Or a bikin fina-finai na Cannes a Faransa, abin da rabon wani fim na Japan da shi tun 1997. Ma'anar sunan ita ce iyalin da ke ɗauke-ɗauke a kantuna. Akan fi tattauna fim ɗin ta fuskar ma'anar iyali. Mu kuwa za mu mai da hankali ne a kan wani ɗan kanti da tsohon da ke tsaronsa, domin a ganinmu a nan ne labarin ya juya.

2.0 Labarin a Taƙaice

Mutum biyar ne ke cunkushe a wani tsohon gida a birnin Tokiyo. Akwai Osamu, lebura a wurin gini, da Nobuyo mai aiki a kamfanin wanki da guga, da tsohuwa Hatsue wadda kuɗin fanshonta ke riƙe da gidan, da budurwa Aki, da kuma yaro Shota. Abin da suke samu ba ya kai su ƙarshen wata, saboda haka Osamu da Shota ke cike giɓin da sata a kantuna. Wani dare cikin hunturu suka tsinci wata yarinya ƙarama, Yuri, an bar ta a waje tana rawar ɗari. Da suka ga tabon ƙuna a jikinta sai suka fasa mayar da ita ga iyayenta. Sannu a hankali mai kallo zai gane cewa shi ma Shota tsintar sa aka yi, kuma ba jini ne ya haɗa gidan ba.

3.0 Hujjar Ɓarawo

Sata a wannan gida tana da hujjar da ake kare ta da ita. Osamu ya koya wa Shota cewa kayan da ke jere a kanti ba su zama na kowa ba tukuna, tun da ba a saye su ba. Da yaron ya tambayi Nobuyo, sai ta ƙara sharaɗi ɗaya, watau babu laifi muddin kantin bai karye ba. Abin lura a nan shi ne dukan hujjojin biyu sun dogara ne a kan ɓoye mai haƙƙi. A babban kanti wannan ba wuya, gama ma'aikata kawai ake gani, mai dukiya kuwa ba a san fuskarsa ba. Kore-eda ya buɗe fim ɗin da irin wannan sata, ya shirya ta kamar wasa, da alamun hannu tsakanin babba da yaro, har mai kallo ya sami kansa yana fatan su tsira. Da gangan ya yi haka, don mu ma mu karɓi hujjar kafin ya rushe ta.

4.0 Tsohon Mai Kanti

Kantin Yamatoya ɗan ƙarami ne, irin na unguwa, inda yara ke sayen alewa. Tsoho ɗaya ne ke zaune a ciki, kuma Akira Emoto ne ya fito a matsayinsa. Shota ya saba yi masa ɗauke-ɗauke, yana zaton tsufa ya rufe masa ido. Ranar da yaron ya sa Yuri ta gwada hannunta, suna shirin fita sai tsohon ya kira shi, ya miƙa masa alewa guda biyu, ya ce kada ya sa ƙanwarsa wannan aiki. Iyakar abin da ya faru ke nan.

Wannan ɗan taƙaitaccen zance ya ƙunshi abubuwa uku. Na farko, tsohon ya nuna cewa ya daɗe da sanin abin da ake yi masa, kau da kai kawai yake yi, kuma kau da kai ba ya zama yafiya sai ranar da mai laifi ya san an gan shi. Na biyu, bai nemi a biya shi ba, ƙari ma ya yi a kan abin da aka ɗauka. Wannan ya yi kama da abin da Victor Hugo ya yi a littafinsa Les Misérables na 1862, inda limamin coci ya ƙara wa Jean Valjean mazaunan kyandir na azurfa a kan kayan da ya sace masa. Bambancin shi ne Hugo ya sa limamin ya bayyana abin da yake nufi da kyautar, Kore-eda kuwa ya bar yaron ya warware wa kansa. Na uku, abin da tsohon ya nema a kare shi ne yarinyar, bai ko ambaci kayansa ba. Ta haka ya nuna wa Shota cewa akwai wadda ake cuta a cikin satar ban da mai kanti.

Daga baya Shota ya koma ya tarar da kantin a rufe, an manna takardar rasuwa a ƙofa. Sharaɗin Nobuyo ya faɗi, domin ga kanti ya rufe. Mafi muni, hanyar biya ta toshe, tun da wanda ake bin sa bashi yana iya biya, amma wanda aka yafe wa, mai yafewar kuma ya mutu, ba shi da inda zai kai abin da ke wuyansa.

5.0 Mayar da Haƙƙi Iri Biyu

Abin da Shota ya iya yi kawai shi ne cika umarnin tsohon. Da ya ga Yuri ta bi shi cikin wani babban kanti za ta yi sata, sai ya fizgi jakar lemo a idon ma'aikata ya ruga, ya diro daga kan gada ya karye a ƙafa. Shi da bakinsa ya gaya wa Osamu daga baya cewa da gangan ya bari aka kama shi. Wannan kamu ne ya tona asirin gidan, har da gawar Hatsue da suka binne a ɗaka don su ci gaba da karɓar fansho.

Daga nan fim ɗin ya jera mayar da haƙƙi iri biyu. Hukuma ta ɗauki Yuri tamkar kayan sata, ta mayar da ita ga masu ita, watau uwar da ke gallaza mata, kuma a kan yarinyar tana wasa ita kaɗai a baranda fim ɗin ya ƙare. Nobuyo kuwa, wadda ta ɗauki laifin duka a kanta aka ɗaure ta, ta sa aka kawo mata Shota gidan yari, ta gaya masa garin da suka tsince shi da irin motar da yake ciki, don ya nemi iyayensa in ya so. Ta farko ta cika ƙa'ida amma ta cuci yarinya. Ta biyu ba wanda ya tilasta ta, kuma ita kaɗai ce ta mayar wa mai haƙƙi abin da aka ƙwace masa, watau asalinsa.

6.0 Rauni

Duk da haka akwai inda ma'aunin Kore-eda ya karkata. Ba a nuna mana ko sau ɗaya abin da satar ta jawo wa tsohon ba, alhali ribar ɗan kanti irin nasa ba ta da yawa. Da an nuna hasararsa, da yafiyarsa ta fi nauyi. Haka nan 'yan sanda da iyayen Yuri an zana su da fuska ɗaya, ba a ba su zurfin da aka ba ɓarayin ba, saboda haka hukuncin da ake son mai kallo ya yanke ya zo da sauƙi fiye da kima.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa hujjar Osamu ta tsaya ne muddin ba a ga mai haƙƙi ba, kuma alewa biyu daga hannun tsoho suka rushe ta. Fim ɗin ya nuna yafiya ba ta sauke nauyi daga wuyan mai laifi, sauya masa wanda zai biya take yi: bashin Yamatoya, Yuri aka biya wa shi. Malamin da ke koyar da jigo da warwararsa zai sami kyakkyawan misali a nan na yadda ɗan wasan da bai daɗe a fage ba ke iya ɗaukar jigon labari gaba ɗaya.