Hannu Uku a Kan Waƙa Ɗaya: Matsalar Mawallafin "Tabban Haƙiƙa"

Duk wanda ya saba jin makafi da almajirai suna rera "Tabban Haƙiƙa" a kasuwannin ƙasar Jahun da Dutse, in aka tambaye shi mai waƙar, Shehu Usmanu zai ambata. Bai yi ƙarya ba, amma sulusin gaskiya ya faɗa.

Shehu da Fulatanci ya tsara ta. 'Yarsa Nana Asma'u (1793-1864) ita ce ta mayar da ita Hausa a wajejen 1831, shekara 14 bayan rasuwarsa, sa'an nan Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Baitocin ƙarshe na waƙar sun ambaci su ukun, kowa da aikinsa. Sai dai mai bara ba ya cika kaiwa ƙarshe, a tsakiya ake sallamarsa.

Tahamisin nan shi ne wurin da manazarta suka fi tuntuɓe. Ƙa'idarsa ita ce a ɗauki baiti mai ɗango biyu a ɗora masa uku a gaba, su zama biyar. Ke nan a kowane baiti ɗango uku na Isa ne, wanda a shekarar da Shehu ya rasu, watau 1817, aka haife shi. Sauran biyun kuwa, ma'ana ta Shehu ce, amma kalma da kari da amsa-amo na Asma'u ne. Saboda haka wanda ya tsinko ɗango kan azzalumin sarki ko alƙali mai cin hanci ya ce lafazin Shehu ne, sai a tambaye shi na nawa ne a baitin. Mai neman Hausar Shehu a cikinta kuwa ya yi ɓatan kai tun daga ƙofa.

Ko a kiɗan jaz na Amurka akwai irin wannan. "Caravan" ta 1936 da sunan Duke Ellington ta yi fice, alhali Juan Tizol, mabushin ƙungiyarsa, shi ya fara ƙago ta. Babban suna ya shanye ƙarami. Bambancin shi ne can maganar kuɗi ce, nan kuwa neman albarka ne ya sa ake jingina komai ga Shehu.

Asma'u ce ta fi cutuwa. An daɗe ana ɗaukar fassara aikin ɗan aike, alhali kuwa zaɓen shekarar ma hukunci ne: a zamanin ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta sa gargaɗin masu mulki cikin harshen da talakawansu ke ji.