Masu Karatun Tsara Karatu

A jami'o'in ƙasar nan akwai wani fannin ilmi wanda ba kowa ya san da shi ba, ana ce da shi ilmin tsara manhaja. Manhaja kuwa ita ce jerin abubuwan da za a koya wa yaro a makaranta, da wanda za a fara, da wanda zai biyo baya, da yadda za a gane ko ya iya. Ba a zurfafa cikin wannan karatu sai mutum ya riga ya sami digirinsa na fari, sa'an nan ya koma ya yi wajen shekara biyu, ya rubuta kundi, a ba shi digiri na biyu. Ana yinsa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da ta Bayero a Kano, da waɗansunsu. To, tun da yake 'ya'yanmu ne ke cin tuwon da mutanen nan ke tuƙawa, ba laifi mu leƙa tukunyar.

Da wuya ɗalibin wannan fanni ya fita bai karanta wani ɗan ƙaramin littafi ba, na wani malami Ba'amurke mai suna Ralph Tyler, wanda ya fito cikin 1949. Tambayoyi huɗu ya kafa littafin a kansu. Me makaranta ke nufin ta cim ma? Waɗanne ayyuka za a sa yaro ya yi don a kai ga nufin? Yaya za a jera su? Yaya za a san ko an kai? Ban ga abin kushewa a nan ba, gama ko magini ba ya haƙa harsashi sai ya san ɗaki nawa mai gida ke so. Amma ku dubi abin da ya sami tambayoyin a wajenmu. Ta huɗun ta haɗiye 'yan'uwanta, har ya zamana abin da ba ya fitowa a jarrabawa malami ba ya ɓata allinsa a kansa. Ta farin kuwa, Tyler cewa ya yi a nemi amsarta wuri uku, watau wajen yaran kansu, da zaman jama'a a bayan makaranta, da masanan kowane fanni. Mu sai muka riƙe masana, muka saki biyun.

Wata malama, Hilda Taba, ta hango wannan tun 1962. A ganinta malamin aji shi ya kamata ya fara tsara darussa, ya gwada su kan yaransa, daga nan a hau sama. Ɗalibanmu suna haddace ra'ayinta su rubuta a jarrabawa, amma aikin yana nan yana saukowa daga ofis.

Ga shaida. Cikin 1969 aka yi babban taro a Ikko a kan manhajar ƙasa, daga cikinsa aka sami manufar ilmi ta 1977, da tsarin nan na 6-3-3-4 da aka soma cikin 1982. Nufin yana da kyau ƙwarai: yaro ya koyi sassaƙa da ƙira da aikin lantarki a ƙaramar sakandare, kada ya fita hannu rabbana. Aka sayo injuna daga ƙasashen waje. A makarantu da dama suka yi tsatsa cikin akwatunansu, don ba wuta, ba kuwa malamin da ya san kansu. Wanda ya taɓa tsayawa gaban aji a ƙauye, da shi aka tambaya, da ya faɗi haka tun kafin a ɗauko su.

Haka kuma batun harshe. A Ife, tun daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka gwada koyar da yara da Yarabanci shekara shida, suka tarar yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Ingilishin ma. Manufar 1977 ta ce a fara karantar da yaro da harshensa. Cikin 2022 aka ce a kai shi har ƙarshen firamare, cikin 2025 kuma aka soke, aka koma Ingilishi. Ina littattafan lissafi da na kimiyya na Hausa da aka tanada cikin waɗannan shekaru duka? Wannan aikin masu digirin nan ne, ba na kowa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, ana tafiya Amurka neman misali, alhali ga shi a ƙofar gida. Makarantar allo tana da manhajarta. Yaro ya fara da babbaƙu, ya san baƙaƙe, sa'an nan farfaru, ya san wasulla, sa'an nan ya kama gajerun surori yana hawa. Ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam ya yarda, ko da abokinsa ya wuce shi da izu guda. Bayan sauka kuma ga Ahalari, ga Ishmawi, ga Iziyya, ga Risala, kowane yana taka na bayansa. Ban ce ba ta da aibi ba. Ba lissafi a cikinta, ba sana'a, bulala kuwa ta yi yawa. Amma tambaya ta uku da ta huɗu, kakanninmu sun amsa su tun ba a haifi Tyler ba, kuma amsar ta isa a zauna a yi nazarinta a jami'a.

Kundayen da ɗaliban ke rubutawa, da yawansu takardun tambaya ne ake raba wa malamai su cike, a ƙirga, a ɗaure da bango mai kauri, a ɗora bisa kanta. Da shawara a hannuna take, da ba a karɓi kowa cikin wannan karatu ba sai ya shekara biyar yana riƙe da aji. Kundinsa kuma ya zama darussa ne na zango ɗaya, waɗanda ya tsara da kansa, ya kai makarantar ƙauye ya gwada, ya rubuta inda suka ci da inda suka faɗi. A ƙarshensa a sa taƙaitaccen bayani da Hausa, shafi biyu ko uku, a aika wa hedimasta, ya karanta wa iyayen yaran.