Hirar Da Ba Mai Saurare

Mai karatu, ka taɓa lura cewa a yawancin finafinanmu, da zarar mutum biyu sun fara magana sai fim ya mutu? A zaunar da su a falo, wannan ya zuba layinsa, wancan ya yi ƙiƙam yana jiran nasa. Ba mai sauraron wani.

Abin da ya tayar mani da wannan tsohon miki wani zane ne da Bajamushe Wilhelm Leibl ya yi a 1877, mai suna 'Yan Siyasar Ƙauye. Manoma biyar ne a kusurwar ɗaki, sun haɗu kan takarda ɗaya. Shi ke nan fa. Amma dubi hannuwansu da noma ya cinye, dubi yadda kowa ya karkata jikinsa daban. Takarda ɗaya ce, amma kowace fuska da irin yadda ta karɓi labarin. Ba wanda ya damu da kai mai kallo, shi ya sa ka ke jin kamar laɓe ka ke yi masu.

Ina ganinsa sai na tuna majalisar bakin titi a garin Shagari, inda rediyo ke maye gurbin takardar. Garin da ɗansa ya zama shugaban ƙasa a 1979 ai ba ya rasa masu fashin baƙin siyasa. A can, dattijon da ya yi shiru yana jan carbi shi ake sata kallo kafin a yi dariya. Wane darakta ne ya taɓa ba irin wannan dattijo daƙiƙa biyar a kyamara?

Bafaranshe Gustave Courbet ya fi Leibl tsokana. A zanensa na 1854 ya haɗu da attajirin da ke sayen aikinsa, Alfred Bruyas, a kan hanya. Attajiri ya cire hula, baransa ya sunkuyar da kai, shi ko Courbet da kaya a bayansa ya ɗaga gemu sama. Gaisuwa kawai, amma ka riga ka san wa ke ji da kansa. Ni dai na ga ya cika baki, sai dai dabarar ta ci.

To mu da muke da gaisuwa irin ta Boɗinga fa? Wa ya durƙusa, wa ya tuɓe takalmi, wa ya fara sakin hannu? Duk wannan kyauta ne, ba sai furodusa ya kashe ko sisi ba. Amma sai ka ga an yanke gaisuwar wajen tacewa, wai don a samu filin waƙa ta huɗu.