Faɗaɗa ko Mamaya?

A ajin tarihi an rubuta mana «expansion coloniale» a allo, muka kwafe. Da muka zo bita da Hausa sai wani abokinmu ya ce "faɗaɗa ƙasa", kowa ya gyaɗa kai. Ni kam kalmar nan ba ta kwanta mini ba.

Ku duba yadda muke amfani da ita a gida. Manomi ya faɗaɗa gona, ɗan kasuwa ya faɗaɗa shago. Kalma ce ta arziki, mai abu ke ƙara wa abinsa girma. To amma in gonar taka ta ci iyakar maƙwabci, ba mai cewa ka faɗaɗa. Sai a ce ka ci masa iyaka, a tafi gaban mai gari.

To ƙasar da Faransa ta "faɗaɗa" cikinta, fili ne ba mai shi? An yi taron Balin a 1884 zuwa 1885, ba ɗan Kurfai ko ɗan Zabarma da aka tambaya. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar nan tana ƙone garuruwa. Ta afka wa Lugu ta Sarauniya Mangu, ta yi ɓarna a Birnin Konni. A 1906 mutanen Karma da na Kobkitanda suka tayar, aka murƙushe su, littattafan Nasara suka kira irin wannan «pacification», wai kwantar da tarzoma. Wa ya kawo tarzomar?

Kalmar da ta dace muna da ita: mamaya. "Faɗaɗa" daga bakin mai bindiga ta fito. "Mamaya" kuwa maganar wanda aka ƙone wa rumbu ce.

Sai dai fa, 'yan'uwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In muka zo kan Askiya Muhammadu na Songai, ko daular Sakkwato bayan 1804, nan take bakinmu ke komawa "faɗaɗa". Alhali mutanen Kabi da na Maraɗi, da suka shekara da shekaru suna yaƙi da Sakkwato, ba haka kakanninsu suka gani ba. Ban ce duk ɗaya ba ne, kowane yaƙi da dalilinsa. Cewa na yi mudu ɗaya za mu riƙe.

A takardar jarrabawa ka rubuta abin da aka koya maka, kar ka faɗi. Amma in ƙanenka ya tambaye ka ma'anar kalmar, ka fara tambayarsa: ƙasar wa?