Jiki Magayi da Ciwon da Maza ke Ɓoyewa

A cikin littattafan hira guda biyar da Ofishin Fassara na Zariya ya fitar bayan gasar da aka yi a 1933, huɗu sun yi suna ƙwarai, watau Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi. Na biyar ɗin shi ne Jiki Magayi, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta. Shi kuwa ya bambanta da 'yan'uwansa, gama maimakon yaƙi ko ban dariya, labarin zuciyar mutum guda ya ɗauko, ya bi ta har inda ta kai shi.

Ga yadda labarin ya ke a taƙaice. Wani saurayi, Abubakar, yana son wata yarinya, Zainabu, ita ma tana son sa. Sai wani attajiri, Malam Shaihu, wanda ya daɗe bai sami haihuwa ba, ya shiga neman ta, dukiya ta rinjaya, aka ba shi. Abubakar ya bar gari da baƙin ciki, ya shiga duniya neman asirin da zai rama da shi. Sharrin ya faɗa a kan ɗan da Zainabu ta haifa, Kyauta, ya tashi ɓarawo, har ya zama sanadin ajalin ubansa bai sani ba.

Yawancin masu karatu su kan rufe littafin su ce Abubakar mugu ne, shi ke nan. Lalle ya yi mugunta, amma wanda ya natsu zai ga tun kafin muguntar akwai ciwo. An wulakanta shi a idon tsaransa, ya haɗiye. Abin da ya haɗiye kuwa bai narke ba, sai ya raba shi da gida da sana'a, ya cinye masa ƙuruciya. Nan gwanintar mawallafan ta ke: sun nuna baƙin cikin da aka rufe ya kan tsallake mai shi ya ci wanda bai san hawa ba, bai san sauka ba.

Amma fa littafin yana da aibi. Ya ba da ƙarfinsa ga tafiye-tafiye da al'ajaban daji da neman asiri, ya taƙaita wajen bayyana abin da ke dafuwa a ran saurayin. Saboda haka mai karatu ya kan fita da tsoron sammu, alhali abin da ya fi cancanta a ji tsoro shi ne shirun da ya haifi neman sammun.

Wannan shiru kuwa har yau yana nan. A Balan, ko Kademi, ko Ajingi, kadan manomi ya yi asarar damina, ko bashi ya hau kansa, ko aure ya mutu, abin da ya kan ji daga bakin mutane shi ne, namiji ba ya kuka. Sai ya daina zuwa majalisa, barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, ya riƙa faɗa da iyali ba dalili. Ya kan je asibitin Gaya ya ce kansa ke ciwo, ko ƙirjinsa ke zafi, ya karɓi ƙwaya ya komo, bai faɗi ainihin abin ba. Ashe jiki ya gaya, baki ne ya ƙi. Dalili kuwa sananne ne: yana tsoron a ce ya taɓu, a hana 'ya'yansa aure, a daina karɓar shaidarsa, yara su riƙa yi masa ba'a da sunan Dawanau.

To, Dawanau asibiti ne, kamar kowane asibiti, inda likitoci ke duba masu ciwon ƙwaƙwalwa a Kano, kuma akwai sashen irin wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Da yawa cikin masu zuwa ba a kwantar da su. A kan saurare su, a ba su magani, su koma gona. Tun a 1954 Likita Thomas Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abeokuta, cewa majiyyaci ya kan fi samun sauƙi in yana zaune cikin mutane tare da danginsa. Tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, wadda ta ɗauki majiyyaci kamar abin tsarewa, an maye gurbinta da sabuwa da aka sa wa hannu a Janairu 2023. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta bayyana cewa maza masu halaka kansu sun ninka mata fiye da sau biyu a duniya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna tsadar shiru.

Haƙuri hali ne na kirki, addini ma ya yabe shi, amma haƙuri bai hana neman magani ba. Wanda ya karye ba ya jin kunyar zuwa wurin maɗori, kuma addu'a da magani ba sa gaba da juna. Hausawa sun ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Don haka ya kamata waɗanda suka fita makarantar yaƙi da jahilci su karanta Jiki Magayi a zaure, a tsakiyar dattawa da samari. In an kai inda Abubakar ya bar gari, a dakata, a tambayi juna: wa ya kamata ya bi shi ya zauna da shi a wannan dare? Wanda ya ba da amsa, sai ya duba maƙwabcinsa da ya kwana biyu bai fito masallaci ba. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, amin.