Alkukin Tagulla: Kyautar Haske a Zamanin Mamaliki

A watan Azumi na shekarar 886 bayan Hijira, wato 1481, aradu ta faɗa kan hasumiyar Masallacin Annabi (SAW) a Madina, gobara ta tashi ta cinye rufin masallacin da kayan ciki masu yawa. Ƙaitbai, Sarkin Masar na daular Mamaliki, wanda ya yi mulki daga 1468 zuwa 1496, ya tura magina da dukiya aka sake gini. Cikin abin da ya bayar akwai alkukan kyandir na tagulla masu ɗauke da shekarar 887, an zana a jikinsu cewa wakafi ne ga Hujrar Annabi, wato ɗakin da kabarinsa yake. Ɗaya yana Gidan Tarihin Fasahar Musulunci a Alƙahira, wani kuma yana gidan tarihin Benaki a Atina.

Duk wanda ya tsaya gaban irin wannan alkuki zai ga maƙerin ya san halin kaki. Gindin faffaɗa ne mai nauyi, don kada doguwar kyandir ta rinjaye shi. Kafaɗar tana da ɗan kwari inda narkakken kaki zai taru maimakon ya ɗiga kan shimfiɗa. Daga nan sai gajeren wuya, sai bakin da ake kafa kyandir. A na Ƙaitbai, rubutun sulusi ya zagaye gindin da manyan baƙaƙe, an ja dogayen haruffan sama, kawunansu suna harɗewa biyu-biyu suna lanƙwasa irin ta harshen wuta. Kirarin sarki ne aka rubuta. Da an kunna kyandir, abin da haskenta zai fara sauka a kai shi ne sunan wanda ya bayar.

Nan ne, a ganina, hikimar wannan kyauta take. Riga tana tsufa a jikin wanda aka ba, doki yana mutuwa. Alkuki kuwa kowane dare sai an zo an tsaya a kansa, an goge shi, an kafa masa sabuwar kyandir. Kuma kyauta ce mai jawo ɗawainiya. Kakin zuma kayan masu hali ne, talakan Alƙahira fitilar mai yake kunnawa. Saboda haka takardun wakafi na masallatai da makarantu kan ware kuɗin mai da na kyandir, musamman don watan Azumi, da albashin mai kunnawa. Wanda ya ba da alkuki bai tanadi kaki ba, rabin kyauta ya yi.

Sana'ar kanta ta fi Ƙaitbai tsufa. Maƙeran Mosul na ƙarni na 13 ne suka shahara da sassaƙa tagulla su cusa mata azurfa da zinariya, kuma salonsu ya kafu a Dimashƙa da Alƙahira, inda wasu suka ci gaba da sa hannu da laƙabin garinsu Mosul. Manyan fadawa suka riƙa sa a ƙera musu da tambarin muƙaminsu: kofi ga mai shayar da sarki, gidan alƙalami ga magatakarda. A zamanin Ƙaitbai azurfa ta yi wuya, aka fi dogara da zane zalla. Ban ga hakan ya rage komai ba. Rubutun ma ya fi samun sarari, ido ba ya rarrabuwa.

Ita kanta kyandir kayan gaisuwa ce. Masanin tarihi Maƙrizi, wanda ya rasu a 1442, ya ba da labarin bikin Anuk ɗan Sarkin Masar Nasir Muhammad a 1332, inda fadawa suka zo ɗaya bayan ɗaya suna miƙa kyandirori, har suka haura dubu uku, wasu an yi musu ado na musamman. Kowa na auna matsayin ɗan'uwansa da nauyin kakin da ya kawo. Akwai alfahari a ciki, ba shakka, kuma ba na jin alfaharin ya tsaya a ƙofar masallaci. Amma bawan Allah da ya karanta Alƙur'ani da dare a Madina da hasken wakafin Ƙaitbai ya amfana, niyyar sarki kuwa tana tsakaninsa da Ubangijinsa.

Sarakunan Usmaniyya sun gaji al'adar. Alkukan tagulla biyu da ke gefen mihrabin masallacin Aya Sofiya a Istanbul, Sarki Sulaiman ne ya kwaso su daga Buda bayan yaƙin 1526. Sarki Abdulmajid ya aika Madina da na zinariya masu adon lu'ulu'u. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko, kwamandan Madina Fakhri Basha ya tura dukiyar Hujra zuwa Istanbul, yanzu alkukan Abdulmajid suna fadar Topkapi.

Fitar da alkukan daga Madina shi ne abin da ke damuna. A shari'a wakafi ba a sayar da shi, ba a kyautar da shi, ba a gadonsa, kuma alkukan Ƙaitbai suna ɗauke da sunan wurin da aka tsare su dominsa. Gidajen tarihi sun kiyaye su daga narkarwa, wannan abin godiya ne. Wutar lantarki kuma ta shiga masallacin tun farkon ƙarni na 20, ba mai bukatar kyandir a can yau. Duk da haka ya kamata takardar bayanin da ake liƙawa a gefensu ta faɗa wa mai kallo ƙarara cewa wakafin Madina ne, ta kuma faɗi yadda aka yi suka bar can.