Masu Tambayar Jinin Alade Kafin Su Yarda da Ganye

A ƙauyukan Transilbaniya da ke ƙasar Romaniya har yau ana kiwon sake na aladu irin na gargajiya. Akwai Mangalitsa mai gashi a nannaɗe, akwai kuma Bazna, baƙi mai farin ɗamara a kafaɗa, wanda aka samar a 1872. Waɗannan dabbobi a fili suke yini, suna tonon ƙasa, rana da sanyi duk a kansu. Tsutsar ciki da ƙwayoyin cuta kuwa a ƙasar da suke tonowa suke jiransu. Tun 2006 Tarayyar Turai ta hana zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a abincin dabbobi don su yi saurin girma, sai hankali ya koma kan abin da kakanni suka sani, wato tsirrai.

Nan ne gwanintar likitocin dabbobi na jami'ar noma ta birnin Kuluj-Napoka take burge mutum. Ba su raina maganin gargajiya ba, ba su kuma karɓe shi ido rufe ba. Sun tattara tafarnuwa, 'ya'yan kabewa, furen kalandula da wani ɗan'uwan tazargade mai ɗaci, suka ce gani ya kori ji.

Da farko a shanya tsiron, a niƙa, a jiƙa shi a sinadarin itanol har ya saki amfaninsa, a tace. Sai a ɗebi jini kaɗan daga aladen, a rarraba shi a ƙananan ramukan faranti, a ɗiga wa kowane rami tsimin tsiro daban, a bar wasu babu komai don kwatantawa. Farantin zai kwana biyu ko uku a ɗumi irin na jiki. Idan tsimin ya zaburar da fararen ƙwayoyin jini, za su fara ninkuwa, ninkuwa kuma tana cin sukari. Saboda haka yawan sukarin da ya ragu a ramin shi ne amsar da jinin ya bayar. Akwai kuma gwajin tawada: a zuba ƙurar baƙar tawada, a ga yadda ƙwayoyin da ke haɗiye baƙin abu za su share ta.

Karanta sakamakon shi ne ainihin aikin. Tsimin da ya tayar da garkuwar ɗan alade lokacin yaye, sa'adda kariyar nonon uwa ta janye, ba lallai ya yi wa babbar uwa haka ba. Tsimi ɗaya kan zaburar idan kaɗan ne, ya danne garkuwa idan ya yi yawa. Tsiron nan mai ɗaci ma yana ɗauke da sinadarin tujon, wanda yawansa guba ne ga jijiyoyi. Shi ya sa sai an daidaita awo kafin a gauraya garin tsiro a abinci, sannan a ci gaba da duba jini da ƙirga ƙwayayen tsutsa a kashi.

Gwanayen sun kuma san iyakarsu. Zazzaɓin aladu na Afirka, wanda ya shiga Romaniya a 2017, babu ganyen da ke warkar da shi. Sai killacewa da tsafta. Abin da suke miƙa wa ƙaramin makiyayi shi ne sanin wane tsiro, nawa, kuma ga wace dabba.